Yadda Ake Gano Tushen Hayaniyar Lantarki a Allon Da'ira Mai Saurin Aiki

Allon da ya mutu murus ya fi sauƙin gyara a kan wanda ke aiki yau ya ƙi gobe. Wanda ya mutu, da mita kaɗai za ka bi layi har ka gano inda wuta ta tsaya. Mai hana barci shi ne allon da ke kunnuwa lafiya lau, can cikin aiki ya sake kunna kansa, ko ya aika bayani da kuskure sau ɗaya a cikin dubu, ko lambobin da yake aunowa su yi ta rawa. Galibi hayaniyar lantarki ce ke jawo haka, wato wani ɗan boltej da ba a gayyace shi ba ya hau kan sigina ko layin wuta. Ruwa ba ya tsami banza. Kowace hayaniya tana da inda ta fito, da hanyar da ta biyo, da wanda take cutarwa, kuma aikinka shi ne gano ukun nan.

Abu biyu nake so ka riƙe kafin ka taɓa komai.

Na farko, ba saurin agogon allo (siginar da ke bugawa a kai a kai tana tsara lokacin aiki) ne ke sa a kira shi mai sauri ba, kaifin sigina ne, wato ɗan lokacin da take ɗauka ta tashi daga sifili zuwa ɗaya. Siginar da ke tashi cikin nanosakan 1 (kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa) tana ɗauke da firikwansi har wajajen MHz 350, wato kaɗawa miliyan 350 a daƙiƙa, ko da sau dubu kawai take bugawa a daƙiƙa. Lissafin shi ne ka raba 0.35 da lokacin tashin. Aisi (IC) na zamani, wato ƙananan guntayen lantarki masu ƙafafu da ke kan allo, suna da kaifi sosai, shi ya sa allon da agogonsa bai wuce MHz 8 ba zai iya ba ka wahalar allon kwamfuta.

Na biyu, karant ba ya tafiya bai dawo ba. Duk siginar da ta fita daga ƙafar aisi, sai karant ɗinta ya koma inda ya fito ta hanyar giraun, wato layin bolt sifili na allon. In firikwansi ya yi sama, ba ya bin gajeriyar hanya, yana bi ta ƙarƙashin layin da ya fita ta kansa, kamar inuwa. Tafiya da dawowar nan sun zama zobe, kuma faɗin zoben shi ne ma'aunin hayaniyar da zai watsa da wadda zai kwaso. Mafi yawan matsalolin da na gyara a wannan aiki, a ƙarshe zobe ne da ya yi faɗi.

Kayan aiki

Osiloskop shi ne ido, shi ke zana maka siffar sigina a fuskarsa. In kana da zaɓi, nemi wanda faɗin ganinsa ya ninka firikwansin da ke cikin kaifin siginar sau uku zuwa biyar. In na MHz 100 ne kawai a hannunka, zai yi aiki, amma ka sani duk siginar da ta fi nanosakan 3.5 kaifi zai nuna maka ita a dakushe, ya ɓoye rabin karkarwarta.

Sai furob, wato tsinken awon da ke haɗa osiloskop da allo, mai rage sigina sau 10, tare da ɗan sifirin ɗin giraun da ke zuwa a ledarsa. Mutane da yawa suna yar da sifirin ɗin nan, alhali ya fi doguwar wayar mai bakin kada amfani nesa ba kusa ba. In ya ɓace, ka naɗa tsirarar waya a jikin ƙarfen da ke kusa da bakin furob, ka bar mata ɗan tsini.

Kana buƙatar mita, ƙarfen soda mai siririn baki, dalma, hantsaki, madubin ƙara girma, da abin ɗaurawa a hannu mai sauke cajin jiki. Ka tanadi rizisto ƙanana na om 10, 22, 33, 47 da 100, da kafasita na seramik daga nF 1 zuwa µF 10, da ferayit (abin da ke shanye hayaniya mai firikwansi sama) mai maƙalewa a kebul, da salatif na jan ƙarfe, da guntun kebul ɗin koyaks (mai waya a tsakiya da raga a kewaye), da batir da zai iya riƙe allon. Zanen da'irar da zanen shimfiɗar layuka dole su kasance a gabanka, haka ma takardar bayanin kowane babban aisi. Sannan littafi da biro. Da gaske nake, littafin nan kayan aiki ne.

Gargaɗi ɗaya da ya shafi rai: giraun ɗin osiloskop a haɗe yake da wayar ƙasa ta soket. Kada ka maƙala shi a ɓangaren da ke haɗe kai tsaye da wutar gida, kuma kada ka yanke ƙafar ƙasa ta fulogin osiloskop don a ce hayaniya ta ragu. Yin haka na iya ɗora wuta a jikin na'urar da kake riƙe da ita. Irin wannan awo, furob mai auna bambanci ake yi da shi.

1. Ka sa matsalar ta zo lokacin da kake so

Matsalar da ke zuwa sau ɗaya a wuni ba ta binciko, domin in ka yi gyara ba za ka san ko ya yi ba. Nemi abin da ke tsokano ta. Rubuta 'yar manhaja da za ta yi ta rubutu da karatu a ma'ajiya ba tsayawa tana ƙirga kurakurai, ko ta riƙa kunna mota da kashewa, ko ta aika 0x00 (duk sifili) da 0xFF (duk ɗaya) a jere don duk layukan bayani su juya lokaci guda. Burinka ka samu lamba, misali kuskure kaza a cikin minti biyar. Rubuta ta. Da ita za ka auna duk abin da za ka yi nan gaba.

In akwai ƙafar aisi da ba a amfani da ita, ka sa manhajar ta ɗaga ta daidai lokacin da kuskure ya faru. Ka ɗora tirigar osiloskop, wato abin da ke gaya masa lokacin da zai kama hoto, a kanta, sai ka ga abin da ya faru gab da kuskuren. Wannan dabara kaɗai ta sha rage mini kwanaki.

2. Duba da ido da mita

Kada ka daɗe a nan, amma kada ka tsallake. Duba sodar da ba ta kama ba, kafasitar da ta tsage ko ba a ɗora ba, riziston da aka sa ba daidai ba, da mahaɗin da ya yi sako-sako. Auna kowane layin wuta. Ka tuna mita matsakaici kawai take nunawa. Za ta ce maka bolt 3.3 ko da layin yana faɗuwa zuwa 2.7 na ɗan ƙyaftawar da ya isa ya kashe aisi.

3. Ka tuhumi awonka kafin ka tuhumi allon

A nan sababbi suka fi faɗuwa. Doguwar wayar giraun ta furob tana da indaktans, wato turjiya ga saurin canjin karant, kusan nH 1 a kowace milimita. Wayar santimita 15 ta kai wajajen nH 150, in ta haɗu da pF 10 na bakin furob sai su riƙa karkarwa da kansu a kusa da MHz 130. Za ka ga sigina tana rawa a fuskar osiloskop, ka ɗauka allon ne, alhali furob ɗinka ne. Wayar kuma eriya ce, tana kwaso duk abin da regileta, wato mai daidaita boltej ɗin allo, ke watsawa a kusa.

Ga yadda za ka yi. Fara daidaita furob da siginar gwaji ta kHz 1 da ke jikin osiloskop, ka juya ɗan sukurun har saman siginar ya miƙe. Cire doguwar wayar da hular furob, ka sa sifirin. Sannan ka yi awon banza: ɗora bakin furob da sifirin duka a kan giraun ɗin allon, kusa da inda kake son aunawa, allon yana aiki. Ya kamata ka ga miƙaƙƙen layi. Duk abin da ka gani a nan ba daga sigina ya fito ba, tsarin awonka ne ya kwaso, kuma duk hayaniyar da ba ta fi shi girma ba, kada ka yarda da ita.

Giraun ɗin da za ka taɓa ya kasance cikin 'yan milimitoci daga wurin awo. In babu, kankare ɗan fentin allon a kan shimfiɗar giraun ka sa ɗigon dalma. Kuma kada ka ɗora furob kai tsaye a ƙafar kiristal. Nauyinsa na iya canza bugunsa ko ya tsayar da shi. Auna agogon a inda ya fito daga aisi.

4. Raba ta waje da ta ciki

Cire duk kebul ɗin da allon zai iya aiki ba tare da shi ba, ka kunna shi da batir, ka sake ƙirga kurakurai. In matsalar ta tafi, to daga waje take shigowa. Mayar da kebul ɗaya-ɗaya har ta dawo. Wanda ya dawo da ita, maƙala masa ferayit kusa da mahaɗi. In kurakurai suka ragu, karant ne ke bin jikin kebul ɗin gaba ɗaya yana mai da shi eriya.

Firikwansin hayaniyar yakan faɗi sunanta. Haz 50 ko 60 wutar gida ce, sau da yawa saboda na'urori biyu suna haɗe da ƙasa ta hanyoyi biyu, misali kwamfuta ta kebul ɗin USB da osiloskop ta fulogi. Bugu-bugu na haz 217 wayar hannu ce mai aiki da GSM a kusa. Daga kHz goma-goma zuwa ɗaruruwa, duba caja, fitilar LED da inbata. Kashe su ɗaya-ɗaya ka gani.

In matsalar na nan daram bayan ka ware allon, ta cikin gida ce. Ci gaba.

5. Layukan wuta

Sa osiloskop a tsarin AC, ka auna a kan ƙafafun kafasitar da ta fi kusa da aisi, ba a bakin regileta ba. Abin da aisi ke sha ne ya dame ka. Yi awo biyu: ɗaya da takunkumin MHz 20 na osiloskop, mai toshe duk abin da ya wuce haka, a kunne don ka ga kaɗawar regileta a fili, ɗaya a kashe don ka ga siraran tsinaye. Furob mai ragewa sau 10 yana binne ƙananan milibolt a cikin hayaniyar osiloskop, don haka hanya mafi tsabta ita ce ka yi sodar guntun koyaks kai tsaye a kan kafasitar, tsakiya a wuta, raga a giraun. In za ka yi amfani da mashigar om 50 ta osiloskop, sa kafasita a tsakani ta tare DC, domin yawancin mashigan nan ba sa jure fiye da bolt 5.

Nawa ne ya yi yawa? Takardar aisi ce za ta faɗa. Layin bolt 3.3 yakan jure kashi 5 ko 10 cikin ɗari. Zuciyar FPGA (babban aisin da ake tsara da'irar cikinsa da manhaja) mai shan bolt 1 kuwa, wata milibolt 30 zuwa 50 kacal aka ba ta, kuma kuskuren regileta ya riga ya ci wani ɓangare na wannan.

Yanzu duba siffar abin da ka gani. In kaɗawa ce mai tsari daidai da bugun regileta, wanda yakan kasance daga ɗaruruwan kHz zuwa MHz 2 ko 3, duba kafasitocin fita. Akwai tarkon da ba kowa ya sani ba: kafasitar seramik irin X5R ko X7R tana rasa ƙarfinta in aka ɗora mata DC. Ƙaramar µF 10 mai iyakar bolt 6.3, in ka sa ta a layin bolt 5, tana iya rasa fiye da rabi. Canza ta da mai girman jiki ko mai iyakar boltej mafi sama.

In siraran tsinaye ne masu karkarwa sama da MHz 100 a duk lokacin da regileta ta kunna ko ta kashe, laifin yakan kasance a kafasitar shiga, wadda aka ajiye nesa da ƙafafun regileta. Wannan zoben shi ne mafi zafi a duk allon. Yi sodar nF 100 kai tsaye tsakanin ƙafar shiga da ƙafar giraun, gajarta ƙafafu iya yinka, ka sake awo. In wutar tana kaɗawa a hankali ba tsari sa'ad da allon ke hutawa, wataƙila regileta ta shiga yanayin tanadin wuta. Da yawa suna da ƙafar da ke tilasta musu bugu na dindindin.

In kuwa wutar tana faɗuwa daidai lokacin da aisi ya fara aiki, kafasitocin kusa da shi ne ba su isar ba. A nan wuri ya fi lamba muhimmanci. Kafasitar nF 100 da indaktans ɗin nH 1 ta daina zama kafasita daga wajajen MHz 16, ta koma indakta. Kowane ramin haɗi, wato ramin da ke kai layi daga wani hawan allo zuwa wani, a allo mai kaurin milimita 1.6 yana ƙara kusan nH 1, kowace milimita ta layi ma tana ƙarawa. Saboda haka kafasita ɗaya manne da ƙafa ta fi biyar da ke santimita biyu nesa.

Ni ba na saurin sa ferayit a layin wuta. Lambar da ke jikinsa, misali om 600, a MHz 100 aka auna ta. A ƙasa da haka indakta ne kawai, kuma in ya haɗu da kafasitar seramik zai iya ƙara girman hayaniya a wajajen da regileta ke bugawa. Yana kuma rasa ƙarfi in karant ya yi yawa. Yana da amfani ga ɓangaren analog mai shan wuta kaɗan. Ga zuciyar aisi mai fizgar wuta, na fi ganin ɓarnarsa. In allonka na da shi a irin wannan wuri, gwada maye shi da riziston om 0. Haka LDO, wato regileta marar bugu: yana tace ƙananan firikwansi da kyau, amma tsinayen MHz goma-goma suna ratsa shi.

6. Siffar sigina, agogo tukuna

Auna a ƙafar mai karɓa, can ne ake yanke hukuncin sifili ko ɗaya. Kunna yanayin da osiloskop ke tara hotuna a kan juna, ka bar shi minti biyu, abin da ke zuwa jefi-jefi zai fito.

Fara da agogo, da layin sake kunnawa, da layukan katsewa, domin su da kaifi suke aiki. Layin bayani in ya yi karkarwa ya lafa kafin a karanta shi, ba komai. Agogo kuwa in ya tashi, ya ɗan koma baya a tsakiyar hanya, ya sake tashi, mai karɓa zai ƙirga bugu biyu. Ga yawancin aisi na bolt 3.3, ƙasa da 0.8 sifili ne, sama da 2.0 ɗaya ne. Tsakaninsu dole sigina ta wuce ba waiwaye.

Karkarwar nan amsa-kuwwa ce. A allon FR4, wato irin da aka saba yin allon da'ira da shi, sigina tana cin kusan santimita 15 a nanosakan guda. In ta isa ƙarshen layi ta tarar imfidans, wato turjiyar da layi ke nuna wa sigina mai sauri, ya canza, wani ɓangare ya juyo baya, ya bugi mai aikawa, ya sake komawa. Ga siginar mai tashi cikin nanosakan 1, layin da ya wuce santimita 2.5 zuwa 5 ya isa ya fara nuna wannan hali.

Magani mafi sauƙi ba ya buƙatar ƙarfen soda: rage kaifin. Ƙananan kwamfutoci irin su STM32 da kusan duk FPGA suna ba ka damar zaɓar saurin ƙafa ko ƙarfin turawa a manhaja. Zaɓi mafi ƙasa da zai isar. In babu wannan, yanke layin kusa da mai aikawa ka sa rizisto a jere, om 22 ko 33, ta yadda in aka haɗa shi da na cikin aisi zai kusanci om 50 na layin. Kusa da mai aikawa na ce. In ka sa shi a wancan ƙarshen bai yi aikin da ake so ba. Bayan ka sa, in ka auna a tsakiyar layi za ka ga sigina ta ɗan tsaya a rabi kamar matakala. Haka yake, kada ka firgita. Amma wannan na nufin in akwai aisi da ke rataye a tsakiyar layin agogo, wannan hanya ba ta dace da shi ba.

Na taɓa shafe kusan mako a kan allon da ke karanta ma'ajiya ta SPI, wata hanyar aika bayani tsakanin aisi, a MHz 8. Kuskure yana zuwa jefi-jefi, na rage agogo zuwa MHz 1, bai tafi ba. Wannan ya kamata ya nuna mini hanya tun ranar farko, domin rage agogo ba ya dakushe kaifi. Da na sa sifirin na auna a ƙafar ma'ajiyar, sai ga ɗan lanƙwasa a tsakiyar tashin agogon. Riziston om 33 guda ɗaya ya kashe maganar. Tun daga nan, in rage agogo bai canza komai ba, kaifi nake tuhuma. In ya gyara, sai in duba lokaci da jinkiri.

Layukan tagwaye, wato layi biyu da ke ɗaukar sigina ɗaya tare, suna da nasu imfidans ɗin: USB om 90, LVDS da Ethernet om 100. Tabbatar riziston ƙarshe yana nan in ba a cikin aisi yake ba, tsawon layukan biyu ya zo ɗaya, kuma babu reshen da aka bari yana lilo, kamar wurin gwaji da aka ja masa dogon layi.

7. Bi hanyar dawowa

Buɗe zanen shimfiɗa, ka haska layin da ke da matsala tare da hawan da ke ƙarƙashinsa. Bi shi daga farko har ƙarshe kana tambaya ɗaya: me ke ƙarƙashinsa a nan? Amsar da kake so ita ce jan ƙarfen giraun marar yankewa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar nan takan zo ta hanya uku. Wani lokaci mai zane ne ya raba giraun gida biyu, na analog da na dijital, sannan ya ƙetarar da layi ta kan rabon. Wani lokaci jerin ramukan haɗi ko ƙafafun mahaɗi ne suka cinye jan ƙarfen har suka zama doguwar tsaga ba da niyya ba. Wani lokaci kuma, musamman a allo mai hawa biyu, an ja wani layi ta cikin shimfiɗar giraun ya yanka ta. Ko wanne ne, karant mai dawowa dole ya zagaya, zobe ya yi faɗi, imfidans ya canza, kuma duk layukan da suka ƙetare tsagar suna raba hanyar zagaye ɗaya, sai su riƙa shiga harkar juna.

Duba kuma inda layi ya sauya hawa. In ya tashi daga kan wata shimfiɗar giraun ya koma kan wata, karant mai dawowa shi ma yana buƙatar rami. Ya kamata a samu ramin giraun cikin milimita biyu ko uku. In ɗaya shimfiɗar ta wuta ce, kafasita ce za ta zama gadar.

Don gwaji, in tsagar tana hawan waje kuma ɓangarorin biyu giraun ɗaya ne, kankare fenti ka ɗinke ta da salatif na jan ƙarfe, ka yi masa soda a gefe biyu, daidai inda layin ya ƙetare. In boltej ɗinsu ya bambanta, sa kafasitar nF 10 zuwa 100 a maimakon salatif. In tsagar tana ciki inda hannu ba ya kai, yanke layin a ƙarshensa biyu ka maye shi da siririn koyaks, ko waya biyu murɗaɗɗu, ɗaya sigina ɗaya giraun, ka haɗa giraun ɗin a kowane ƙarshe.

Ra'ayina a kan raba giraun: shimfiɗa ɗaya cikakkiya, a ware kayan analog a gefe guda, na dijital a ɗaya gefen, kada layin wani ya ratsa unguwar wani. Rabon yana da wurinsa, kamar inda ake buƙatar keɓewa don tsaro, amma na ga ya ɓata allo fiye da yadda na ga ya gyara.

8. Katsalandan da tsallen giraun

Ka sa manhaja ta riƙe layin da ake cutarwa a sifili, ta riƙa juya maƙwabcinsa. Ɗora tiriga a kan maƙwabcin, ka kalli mai shirun. In yana yin ƙullutu daidai kaifin maƙwabcin, katsalandan ne. A sabon zane, ba su tazarar da ta kai faɗin layi sau uku daga tsakiya zuwa tsakiya, ka rage tsawon da suke jerawa. A allon da ke hannu, dakushe kaifin mai laifin.

In ƙullutun yana bayyana ko da layin mai shiru bai jera da kowa ba, kuma yana girma da yawan ƙafafun da suka juya tare, giraun ɗin cikin aisi ne ke tsalle. Lissafinsa ba wuya: mA 100 da ya canza cikin nanosakan 1 ta cikin nH 5 yana haifar da rabin bolt. Rage ƙarfin turawa, ko ka sa ƙafafun su juya rukuni-rukuni, ka kuma tabbatar kowace ƙafar giraun tana da raminta, ba a haɗa uku a siririn layi ɗaya ba.

Layukan da aka riƙe da rauni su suka fi kamuwa. Layin sake kunnawa da ya dogara da riziston cikin aisi kaɗai, ƙara masa na waje, kilo-om 4.7 ko 10, da kafasita kusa da ƙafar in takardar ta yarda. Mashigar aisi na CMOS, irin da aka fi amfani da shi a dijital, da aka bari ba a ɗaure ba, ɗaure ta a wuta ko a giraun.

9. Shinshina allon

In har yanzu ba ka gano tushen ba, yi wa kanka hanci. Fere ƙarshen koyaks kamar santimita 3, lanƙwasa wayar tsakiya ta zama zobe mai faɗin santimita guda, yi mata soda a jikin ragar, ka naɗe da salatif don kada ta haɗa wani abu. Haɗa ɗaya ƙarshen da mashigar om 50, ka kunna FFT, wato yanayin da osiloskop ke nuna ƙarfin kowane firikwansi a matsayin tsini. Yi ta yawo da zoben a hankali a saman allon. Inda tsinaye suka yi tsawo, nan karant mai sauri yake. Juya zoben kwata. Inda ya fi ƙarfi yana nuna maka alkiblar layin. Babban zobe ya fi ji, ƙarami ya fi nuna wuri, don haka ka yi biyu.

Tazarar da ke tsakanin tsinayen ita ce sa hannun mai laifi. In suna jere kowane MHz 25, nemi kiristal na MHz 25, wanda aka saba gani a ɓangaren Ethernet. In tazarar kHz 500 ce, regileta mai wannan bugun ce. In ba ka da FFT mai kyau, ƙaramar na'urar RTL-SDR da ake sokawa a USB tana gani daga wajajen MHz 24 zuwa sama da GHz 1.5, ta isa wannan aiki. Ko rediyon AM ma, in ka kusanto shi da allon, zai ji regileta da kunnensa.

Kada ka manta da bakin mahaɗai. Ragar kebul da aka murɗe ta zama 'yar jela aka yi mata soda a giraun ta rasa mafi yawan amfaninta. A kewaye ake so ta kama jikin mahaɗin.

10. Gyara ɗaya, awo ɗaya

Duk abin da ka canza, canza shi shi kaɗai, ka sake gwajin mataki na farko, ka rubuta lambar. In ka sa kafasita uku da rizisto biyu da ferayit a zama ɗaya matsalar ta tafi, ba ka san wanda ya yi aikin ba, kuma wataƙila ɗaya daga cikinsu yana ɓarna a ɓoye.

In ka samu wanda ya yi, cire shi. Matsalar ta dawo? Mayar da shi. Ta tafi? Yanzu ka tabbata. Mutane suna ƙin wannan mataki saboda gajiya, amma hayaniya takan lafa don kawai an motsa kebul ko allon ya huce. Daga nan ka matsa wa allon: ɗumama shi da iska mai zafi, sanyaya shi, rage wutar shiga zuwa iyakar ƙasa, ɗaga ta zuwa iyakar sama, ka gwada a kan allo biyu ko uku. Aisi na CMOS sun fi kaifi a sanyi da boltej mai yawa, don haka allon da ya wuce gwaji da zafi zai iya faɗuwa da sanyi. Cire furob ma ka gwada, domin pF 10 ɗinsa kan dakushe sigina ya rufe matsalar muddin yana maƙale.

Abin da ka gano, shigar da shi zane na gaba tun kana tune. Bar gurbin rizisto a jere a kan kowane layin agogo, ko da om 0 za ka fara sawa. Kowane wurin gwaji ka ajiye masa ɗigon giraun a gefensa, tazarar da sifirin ɗin furob zai kai. In allon mai hawa biyu ne kuma giraun ɗinsa ya yayyanke, koma hawa huɗu, ka ba hawa na biyu gaba ɗaya ga giraun, kada ka ja layi ko ɗaya a cikinsa.